Muhawara a kan New Moon: Edward ya dawo, amma wa ya biya bashin tafiyarsa?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau ne muka ce za mu zauna a kan New Moon, littafi na biyu a jerin Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2006, shekara ɗaya bayan na farko. Wanda bai gama karantawa ba ya ɗan ɗaga mana ƙafa, don yau ba za a ɓoye ƙarshen labari ba. Labarin Bella ne, 'yar garin Forks a Amurka, da saurayinta Edward Cullen mashayin jini, wadda take son ya mayar da ita irinsa. Bari in fara da nawa. A wurina na biyun ya fi na farko, kuma abin da ya sa ya fi shi, Edward ba ya nan. A na farko shafi bayan shafi kyawunsa ake ta kwatantawa, fuskarsa, muryarsa, ƙamshinsa. A nan kuwa tun babi na uku ya tattara ya tafi, sai ya zama dole marubuciyar ta waiwayi sauran mutane. Nan muka san Charlie mahaifin Bella a matsayin uba, muka san abokinta Jacob, muka san mutanen ƙauyensu La Push. Ƙarshen ne ya ɓata mini rai. Duk abin da aka gina a tsakiya, tafiyar kwana uku zuwa Italiya ta rushe shi.

Auta: Wa alaikumus salam. Haba Anti! Ni fa tsakiyar nan da ƙyar na wuce ta, idona na ta neman inda sunan Edward zai sake fitowa. Kuma mutane na yi masa rashin adalci. Ku tuna abin da ya faru ranar da Bella ta cika shekara 18. Takardar da aka naɗe kyauta ce kawai ta yanke ta a yatsa, ɗigon jini ɗaya, Jasper ɗan'uwan Edward ya yo kanta. Garin kare ta Edward ya ture ta, ta faɗa kan farantan gilashi, hannunta ya tsage har sai da Carlisle, likita uban gidan su Edward, ya ɗinke. A gidansu ne fa, a tsakiyar waɗanda suka fi kowa sonta. In kai ne, me za ka yi? Ya ga cewa shi ne hatsarin, sai ya cire kansa.

Ɗan Zazzau: Auta, ba tafiyar ake tuhumarsa da ita ba, yadda ya tafi ne. Da ya zaunar da ita ya ce ina sonki amma zamana kusa da ke zai kashe ki, da babu mai magana. Sai ya kai ta bakin daji ya ce mata ba ya sonta, ba ta dace da shi ba. Ya san sarai abin da ke cin ta ke nan tun farko, tana ganin ita ba kowa ba ce a gabansa. Daidai wurin ciwon ya danna don ta yarda da sauri.

Auta: Ai da ya faɗi gaskiya ba za ta bar shi ya tafi ba, Yaya.

Ɗan Zazzau: To shi ke nan kin faɗi maganar da kanki. Ya san ba za ta yarda ba, sai ya yi mata ƙarya don kada ta sami bakin magana a kan rayuwarta.

Malama Hauwa: Akwai abin da ban ga an cika ambata ba. Ba saurayi kaɗai ta rasa ba, gida guda ta rasa. Alice 'yar'uwar Edward ita ce ƙawarta ta gaske, Esme matar Carlisle ta riƙe ta kamar 'ya. Edward ya kwashe su duka, ya hana Alice ko sallama. Sannan ya shiga ɗakinta ya ɗauke hotunansa da faifan kiɗan da ya ba ta, da tikitin jirgin da Carlisle da Esme suka ba ta kyauta, wai don ya zama kamar bai taɓa wanzuwa ba. Duk wadda aka taɓa yi wa rasuwa ta san darajar hoto ɗaya ko tsohuwar riga. Shi ya yanke mata har yadda za ta yi kewa. Mutumin da aka haifa a 1901, ya haura shekara ɗari a duniya, yana karanta zuciyar kowa, amma bai san wannan ba?

Auta: Tata zuciyar ai ba ya iya karantawa, Malama. Kuma kayan bai tafi da su ba, a ƙarƙashin katakon ɗakinta ya ɓoye, ya faɗa mata daga baya. Wannan bai nuna miki shi ma ya kasa rabuwa da ita ba?

Malama Hauwa: Ya nuna, ƙanwata. Amma ita da ke kwance a saman katakon wata da watanni ba ta sani ba, to me ya amfana mata?

Anti Nas: Ni a kan shafukan nan marasa rubutu nake so in tsaya. Bayan Sam Uley, jagoran samarin La Push, ya tsinto ta kwance a daji cikin dare, sai ka buɗe shafi ka ga Oktoba kawai, babu komai a ƙasa. Na gaba Nuwamba. Disamba. Janairu. Wallahi a duk jerin littattafan nan ban ga inda Meyer ta yi abin da ya kai wannan ba. Littafin da bakin Bella ake ba da shi, to in ita ba ta nan a cikin kanta, wa zai ba da labarin? Kuma abin da ya biyo baya daidai yake da abin da muke gani a wurin aiki. Tana zuwa makaranta, tana dafa wa babanta abinci, makinta bai faɗi ba, amma ba ta amsa kiran ƙawaye, ta daina jin kiɗa, ta daina karatun da take so, kullum dare tana farkawa da ihu. Wannan ciwon damuwa ne, ba shagwaɓa ba. Sau da yawa masu shi ba sa kwanciya, suna ta hidima, shi ya sa 'yan gida ba sa ganewa da wuri.

Charlie ya gane. Ya buga teburi ya ce zai mayar da ita wurin mahaifiyarta a Jacksonville, har ya kawo maganar ta ga likitan da ya san irin wannan. Ta ƙi, kuma daga nan littafin bai sake ɗaukar shawarar da muhimmanci ba. Nan ne nake rabuwa da shi. Ya kwatanta ciwon daidai, sai ya rubuta masa maganin da ba shi ba. Yarinya ta warke ne ranar da saurayi ya dawo. Ƙaramar yarinyar da ke cikin irin halin nan ta karanta, me za ta ɗauka? Ta zauna ta jira.

'Yar Maraɗi: Ina wuninku. Ni da Faransanci na karanta, ina 'yar lise, wato sakandare, a lokacin, yanzu kuma na sake bi saboda zaman nan. Anti Nas, na yarda da rabin maganarki. Amma ban ga ta warke ranar da ya dawo ba. Ta fara warkewa ne tun a garejin Jacob. Ku duba, karon farko da ta yi dariya ba tare da ta tilasta wa kanta ba can ne, karon farko da ta yi barci babu mugun mafarki bayan ta dawo daga can ne. Littafin da kansa ya nuna cewa zama da mutane da aikin hannu na taimako.

Anti Nas: Gaskiya ne ya nuna. Sai dai me ya kai ta garejin? Ba neman lafiya ba. Ta gano a Port Angeles, daren da ta nufi wasu maza a ƙofar mashaya Jessica na roƙonta ta dawo, cewa duk lokacin da ta jefa kanta a hatsari tana jin muryar Edward yana yi mata faɗa. Don muryar ta ɗauko matattun baburan nan biyu, don muryar ta zuba kuɗin da aka tara mata na jami'a a kayan gyara, don muryar ta fasa kai har aka yi mata ɗinki. Ƙarshe ta dira daga saman dutse cikin teku ana hadari, ita kaɗai. Ta ce ba kashe kanta ta yi niyya ba, to na ji. Amma da ruwa ya ci ƙarfinta ta daina kokawa, har tana jin daɗin ganin fuskarsa. Ni dai wannan shafin ba zan miƙa wa 'yar shekara 13 in juya baya ba.

Maman Hanan: Ni ma Hanan ta tambaye ni littafin, na ce sai mun karanta tare. Ba hanawa zan yi ba, don in ka hana a gida za a samu a waya. Amma ina so ina kusa lokacin da za ta kai wurin.

Baban Sadik: Salamu alaikum. Na makara, amma na bi duk abin da aka ce. Ku ba ni dama in yi maganar yaron nan Jacob, don shi ne ya tsaya mini a rai. Yaro ɗan shekara 16, mahaifiyarsa ta rasu, yayyensa mata sun bar gida, shi ke kula da babansa Billy da ke kan keken guragu, yana haɗa tsohuwar motarsa ƙirar Volkswagen da hannunsa kaɗan-kaɗan. Yarinya ta zo masa a ragargaje, bai tambaye ta komai ba. Shi ya lura ba ta son a kunna kiɗa, shi ya lura tana rungume ƙirjinta duk lokacin da aka taɓo abin da ke mata ciwo, kuma ya daina kiran sunan da ba ta son ji ba tare da an ce masa ba. Wannan shi ne kula. Ita kuwa ta san yana sonta, ta san ba za ta iya ba shi abin da yake so ba, ta faɗa a zuciyarta sau da yawa cewa son kai take yi, amma ta ci gaba da zuwa. Riƙon ƙwarya aka ba shi, mai abu na dawowa aka ce ya sauka.

Auta: Amma Baba ta faɗa masa gaskiya fa. Daren da suka je kallon fim da Mike ta ce masa ba irin wannan son take masa ba, shi ya ce ya ji ya gani zai jira. Ba ta yaudare shi ba.

Baban Sadik: Ta faɗa da baki, 'yata, hannunta kuma na cikin nasa. Yaro mai shekara 16 wanne zai saurara?

'Yar Maraɗi: Ni ban ɗora mata laifi sosai ba. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne lokacin da take kwatanta Jacob da Paris, wanda iyayen Juliet suka so ta aura a wasan Shakespeare. Tana tambayar kanta, da Romeo ya tafi bai dawo ba, laifi ne Juliet ta zauna da mutumin kirki da ke sonta ta ba shi ɗan abin da ya rage mata? Wannan tambaya ce ta manya, mata da yawa sun yi wa kansu ita. Tana dab da amsawa, a kicin, fuskarsa kusa da tata, sai waya ta yi ƙara. Marubuciyar ba ta bari ta zaɓa ba, wayar ce ta zaɓa mata.

Maman Hanan: Yauwa! Abin da nake nufi ke nan da na ce an rushe tsakiyar.

Malama Hauwa: Kafin mu mai da Jacob waliyyi, a tuna shi ma ya yi mata irin abin da Edward ya yi. Da ya fara rikiɗa kyarkeci kamar su Sam sai ya ɓace, Billy na ta cewa ba shi da lafiya, da ta je ta tsare shi ya ce mata ba za su iya abota ba, ya bar ta tsaye cikin ruwan sama. Bambancin dai shi a daren ya hauro ta taga ya ba ta haƙuri, ya yi ta ƙoƙarin ta tuno labarin da ya ba ta a bakin teku a littafi na farko, tunda umarnin Sam ya ɗaure masa harshe. Sannan akwai Emily, budurwar Sam. Ni wannan ne ya fi tayar mini da hankali a duk littafin. Mace ce mai tabo uku daga goshi har haɓa, har hannunta, an gaya wa mutanen gari dabbar daji ce ta yage ta, alhali Sam ne ya fusata sau ɗaya yana tsaye kusa da ita. Kuma ga ta a kicin tana toya wa samari abinci, shi yana sumbatar tabon, ana nuna mana wannan a matsayin soyayya mai zurfi. Ya yi nadama, ba da gangan ba ne, ba ya iya riƙe kansa in ransa ya ɓaci. Waɗannan kalmomin mun san su. Mun ji su a bakin matan da suka dawo gida da kumburarren ido ana lallashinsu su koma.

Ɗan Zazzau: Malama kin taɓo inda nake so in je. Ku lura wa aka ba wannan halin. Gidan Cullen farare ne tas, masu kuɗi, likita, manyan motoci, kiɗan piyano, kuma abin da ake yabonsu da shi kame kai. 'Yan La Push kuwa su ne masu zafin rai, masu yawo ba riga, waɗanda in sun fusata suke zama dabba. Kuma Quileute, ƙabilar su Jacob, ba ƙirƙira ba ce. Ƙabila ce ta gaske ta 'yan asalin Amurka, suna nan a La Push a gaɓar tekun Pasifik a jihar Washington, a ɗan yankin da gwamnati ta keɓe musu tun 1889, wanda a lokacin bai wuce mil ɗaya murabba'i ba. A tarihinsu na baka akwai cewa daga kyarketai aka mayar da kakanninsu mutane. Iyakarsa ke nan. Maganar samari na rikiɗa don yaƙar mashaya jini, da yarjejeniya da gidan Cullen, duk Meyer ce ta ƙara, kuma ta rubuta littafin farko ba ta taɓa taka Forks ba, a intanet ta nemo wurin da ya fi ruwan sama. Jerin littattafan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 100, ga finafinai, ga kayan sayarwa da sunan ƙabilar. Har sai da gidan adana kayan fasaha na Seattle ya shirya baje koli a 2010 tare da ƙabilar don a nuna wa mutane ainihin al'adarsu ta kyarkeci. A lokacin da masu yawon buɗe ido ke tururuwa neman Jacob, abin da ke gaban mutanen shi ne makarantar 'ya'yansu na bakin teku inda igiyar tsunami za ta iya shafewa. Sai a 2012 Obama ya sa hannu a dokar da ta ba su eka 785 don su koma kan tudu.

Auta: Ban san da wannan ba gaskiya. Amma Yaya ai kowane marubuci na ɗauka daga al'ada ya ƙara nasa.

Ɗan Zazzau: Yana ɗauka. Amma ki ƙaddara wani da bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba ya ji labarin mutanen da ake cewa suna rikiɗa kura, ya ɗauki sunan wani ƙauye na gaske da sunan mutanensa ya rubuta cewa samarinsu kuraye ne, duniya ta karanta, baƙi suka fara zuwa suna leƙa gidajensu. Da ya ƙirƙiro sunan ƙabila da babu ruwan kowa.

Baban Sadik: Ni wani abu ya ba ni mamaki. Na ɗauka littafin mashaya jini ba zai taɓo maganar lahira ba. Sai ga Carlisle yana ɗinke hannun Bella yana ba ta labarin mahaifinsa limamin coci a Landan da ke farautar irinsu, yana cewa shi a kusan shekara 400 da ya yi bai ga abin da ya sa shi shakkar akwai Ubangiji ba, kuma yana fatan ko irinsu za a duba ƙoƙarinsu. Edward kuwa ya yarda akwai Allah da wuta da aljanna, amma yana ganin su sun rasa ransu, ƙofar ta rufe. Da na karanta wannan sai na fahimci taurin kansa. In har abin da ya yi imani da shi ke nan, to ƙin mayar da ita irinsa ba mulki ba ne, tsoron jefa ta halaka ne. A nan kam ina tare da Auta.

Auta: Na gode Baba, yau dai na sami mai tsaya mini.

Malama Hauwa: Meyer mabiyar cocin Mormon ce, kuma ana ganin alamar hakan, kame kai kafin aure, iyali na har abada. Amma Baban Sadik, in tsoron halaka ne ya hana shi cizonta, ina tsoron ya tafi lokacin da ya nufi Volterra a Italiya, garin Volturi sarakunan mashaya jini, don a kashe shi? 'Yar'uwarsa Rosalie ta kira shi ta ce Bella ta mutu. Ya buga waya gidan sau ɗaya, Jacob ya ɗauka ya ce Charlie na wurin jana'iza, kuma jana'izar Harry Clearwater ce, aminin Charlie, da bugun zuciya ya kashe. Bai tambayi jana'izar wa ba. Bai kira Alice ba, bai kira Carlisle ba. Bai tuna Esme da ta riga ta rasa ɗa sau ɗaya a rayuwarta ba. Ya jefar da wayar a Rio ya kama hanya. Kuma tun a babin farko, suna kallon fim ɗin Romeo da Juliet, ya riga ya gaya mata haka zai yi in ta mutu. Saurayi ya ce miki in babu ke zai kashe kansa, wannan ba zuma ba ce, kaya ne ya ɗora miki a ka. Ina faɗa wa ɗalibaina mata wannan ko ba a maganar littafi ba.

Anti Nas: Allah ya saka, Malama. Duk wanda ya furta irin wannan, taimako yake buƙata da gaggawa, a gaya wa manya, a kai shi asibiti. Ba abin burgewa ba ne.

'Yar Maraɗi: Duk da haka ku yarda ɓangaren Italiya ya riƙe mutum. Alice ta sato Porsche ruwan ɗorawa, gari cike da mutane cikin jajayen kaya ana biki, Bella na kutsawa har ta cikin ruwan da ke tsakiyar dandali, agogo na buga sha biyun rana shi kuma yana shirin fitowa cikin hasken rana don mutane su ga jikinsa na ƙyalli, Volturi su kashe shi kan tona asiri. Ban ajiye littafin ba sai da na wuce nan.

Ɗan Zazzau: Ni ba gudun ne ya kama ni ba, abin da ya biyo baya ne. Littafi ɗaya da rabi ana nuna mana mashaya jini masu cin dabbobi, masu zuwa makaranta, har mutum ya manta me sunan yake nufi. Sai ga Aro shugaban Volturi da fara'arsa, yana taɓa hannunka ya karanta duk tunanin da ka taɓa yi, ga Jane 'yar ƙarama da ke sa mutum birgima don azaba da kallo kawai. Sannan suna fita Heidi ta shigo da ayarin masu yawon buɗe ido, wasu na ɗaukar hoto. A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar mata da carbi mai gicciye a wuya, ita kaɗai ta fahimci akwai matsala, tana ta tambayar mutane da yaren da babu mai ji. Kafin su Bella su kai ƙarshen lungun aka fara ihu. Matar nan ta fi Laurent da Victoria, mashaya jinin da ke farautar Bella, tsoratar da ni. Kuma ga Gianna a teburin karɓar baƙi, mutum ce, ta san abin da ake yi kullum, tana zaune tana fatan a mayar da ita irinsu. Bella ta yi ƙyamarta, ta tambaya ta yaya mutum zai so shiga cikin wannan. Edward ya kalle ta bai ce komai ba. Ai ita ma abin da take roƙo ke nan.

Maman Hanan: Kuma kwana nawa ta yi tana tunanin matar? Suna komawa Forks ta tashi gidan Cullen cikin dare ta ce a kaɗa ƙuri'a kan mayar da ita irinsu. Wannan ne ke ba ni haushi. Ta ga ainihin abin da idonta, ta yi kuka a kai, amma bai rage mata ko kaɗan ba. Haka maganar Edward. Ya ce ƙarya ya yi, har yana nuna ya ji ciwo da ta yarda da ƙaryar da sauri. Wato ita ce ma za ta ji kunya. Ya ba da haƙuri kam, ba zan ce bai bayar ba, amma ita ba ta yi fushi ko na minti ɗaya ba. Wata huɗu da aka bar mana shafi fari, babu wanda ya tambayi lissafinsu. Charlie kaɗai ya yi fushi, ya hana shi taka ƙofar gidan, sai 'yarsa ta ce masa in bai haƙura ba za ta bar gidan. Mutumin da ya dawo daga binne amininsa ya tarar da 'yar takarda, kwana uku bai san inda 'yarsa take ba.

Auta: Anti, so hana ganin laifi ne. Kuma ni ina ganin ƙuri'ar ce karo na farko da Bella ta ƙwaci maganarta. Ku ne kuka ce Edward na yanke mata hukunci. To ga shi ta tsallake shi ta je gaban iyalin duka ta ce ga abin da nake so. Alice, Jasper, Emmett, Esme, Carlisle duk suka ce e, shi ya fita ya fasa abu don haushi, amma dole ya haƙura. Sannan ba ta da wata hanya, Volturi sun ce ko a mayar da ita ko a kashe ta, kuma za su zo dubawa.

Malama Hauwa: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Auta, ban raina ta ba. Sai dai zaɓin da aka ce ko ka yi ko a kashe ka, da wuya a kira shi zaɓi. Marubuciyar ta toshe duk sauran ƙofofin don kada mu tambayi ko ya dace yarinya 'yar 18 ta bar uwa, uba, haihuwa da tsufa saboda saurayin da ta sani shekara ɗaya da 'yan watanni. Ku tuna da mafarkin da aka buɗe littafin da shi, ta ga tsohuwa ta ɗauka kakarta ce, ashe kanta take gani a madubi, Edward na gefenta yana nan a 17. Tsoron tsufa ne ke korarta tun kafin Volturi su shigo.

Baban Sadik: Ni dai a ƙuri'ar nan Rosalie ce ta fi kowa gaskiya. Ita aka nuna mana a matsayin mai baƙin hali tun littafi na farko, ita ta jawo tafiya Italiya da kiran da ta yi. Amma da aka zo kanta ta ce a'a, kuma ta bayyana cewa ba ƙin Bella take ba, wannan rayuwar ce ba ita ta zaɓa wa kanta ba, da ma a ce an sami wanda ya ce a'a a madadinta. Cikin su bakwai ita kaɗai ta yi magana a matsayin wadda ta san abin da aka rasa. Esme da ta san daɗin ɗa ma ba ta ce ta dakata ba.

'Yar Maraɗi: Labarin Rosalie na nan a Eclipse, littafi na uku, Baba, in ka kai wurin za ka ƙara fahimtarta. Ni abin da ban gane ba har yau, yarinyar da ta shirya ba da ranta har abada, da Edward ya ce to ki aure ni tukuna, sai ta firgita.

Maman Hanan: Wannan kam na gane shi. Iyayenta sun yi auren wuri, ya mutu tana jaririya, uwarta ta tashi da ita tana zuga ta kada ta kuskura ta yi aure da ƙuruciya. Aure ta gani da idonta ya lalace, zama mashayiyar jini kuwa a gidan Cullen kawai ta gan shi, inda kowa ke da kyau da kuɗi.

Auta: To Jacob fa da kuke ta yabo? A ƙarshe shi ya kai babur ɗinta ya ajiye a ƙofar gida don Charlie ya gani ya tsare ta. Tona asiri ne wannan, kuma ya yi mata alkawari.

Baban Sadik: Ya yi, kuma bai kyauta ba. Ya ɗauka Edward ne ke hana ta zuwa La Push, bai san an riga an tsare ta a gida ba. Amma ki duba abin da ya kawo shi na biyu. Ya zo ya tuna wa Edward cewa yarjejeniyar ba kisa kaɗai ta hana ba, ko cizo ne, in ɗan gidan Cullen ya ciji mutum sulhu ya ƙare. Bella ta ce ba ruwansa, nan ya gane da yardarta za a yi, jikinsa ya hau rawa. Su Sam ne suka kashe Laurent lokacin da ya same ta ita kaɗai a fili, su suka yi ta sintiri suna korar Victoria daga gidan Charlie ba barci, Jacob ne ya tsamo ta daga teku. Edward da kansa ya yi masa godiya a kan haka. Yanzu an ce masa wadda ya ceto za ta zama abin da aka halicce shi ya yaƙa, kuma ranar da hakan ta faru shi da 'yan uwansa ne za su fara kai hari. Auta, ke a ce ke ce shi, babur kawai za ki kai?